Azumi Na Komawa Hunturu: Ruwa Fata Take Nema Ko Mai?

Duk wanda ya yi azumin 2019 a Yamai ya san abin da ake kira ƙishirwa. Watan ya kama ne a farkon Mayu, tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 kusan kullum, masu sayar da ƙanƙara kuma suka zama sarakunan unguwa da la'asar. Amma shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11, don haka kowace shekara azumi sai ya matso baya. Na 2025 ya fara a farkon Maris, na 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, a 2030 kuwa zai kai farkon Janairu. Kafin wannan zagayen, rabon da watan ya faɗo cikin Janairu da Fabrairu tun tsakanin 1993 da 2000. Ke nan mafi yawan 'yan Nijar, waɗanda ba su kai shekara 30 ba, ba su taɓa yin azumi cikin hunturu sosai ba.

Da sauyin lokacin, koke-koken mutane ma sun sauya. Yanzu abin da ake ji shi ne leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, jiki ya yi furu-furu kamar an yi birgima a toka. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp kuma sun ƙara rikita lamarin: wani ya ce a shanye lita uku da sahur fata za ta yi laushi, wani ya ce shafa mai da rana yana karya azumi, wata kuma tana tallar man da ta ce an yi shi musamman don mai azumi. Tambayoyi biyu ne aka cakuɗa wuri guda, ta likitanci da ta fiƙihu, kuma kowace da amsarta.

Bushewa iri biyu ce

Ana cewa "fata ta bushe" a kan abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba. Na farko shi ne ƙarancin ruwa a jiki gaba ɗaya, wato mutum ya fitar da ruwa ta gumi da fitsari da numfashi fiye da yadda ya sha. Na biyu shi ne bushewar saman fatar kanta, wadda ke iya samun mutum ko da cikinsa cike yake da ruwa.

Don a gane bambancin sai an san yadda fata take. Abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa, wani siririn rufi ne na matattun ƙwayoyin halitta da aka jera hawa-hawa, kusan hawa 15 zuwa 20, kaurinsa duka bai kai na silin gashi ba. Masana kan kwatanta shi da katanga: ƙwayoyin su ne tubala, wani irin maiƙo da fata ke haɗawa da kanta shi ne laka da ke riƙe su. A ƙarƙashin wannan katanga ne rayayyiyar fata take, mai jijiyoyin jini da ke kawo mata ruwa. Ruwan yana ratsowa sama a hankali yana bin iska, ko mutum bai yi gumi ba. A yini guda babban mutum kan yi asarar abin da ya kai kamar kashi ɗaya bisa uku na lita ta wannan hanya kaɗai. Aikin katangar shi ne ta rage wannan yoyo. Muddin danshin da ke cikinta bai yi ƙasa da kashi 10 cikin ɗari ba, tana nan da laushinta. Da zarar ya gaza haka sai ta yi gautsi, ta fara tsagewa, ta riƙa ɓarewa. Wannan ɓawon ne ke fitowa fari a kan baƙar fata, shi ya sa bushewa ta fi nunawa a jikinmu.

Azumi na sa'o'i kusan 13, kamar yadda yake a Yamai da Tawa cikin Fabrairu da Maris, yana jawo ɗan ƙarancin ruwa na iri na farko, musamman daga azahar zuwa magariba. A jikin mai lafiya ƙoda ce ke ɗaukar nauyin: tana rage fitsari, tana tattalin abin da ke akwai, idan aka sha ruwa kuma komai ya koma daidai cikin dare. Faso da kaushi da ƙaiƙayi kuwa galibi 'yan iri na biyu ne. Shaidar ita ce yaran da ba su fara azumi ba, da maƙwabta Kiristoci, su ma duga-dugansu na tsagewa a watan Janairu.

Iskar gari da yawan taɓa ruwa

Babban mai laifi shi ne iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, tun wajen Nuwamba har zuwa Maris. A Yamai danshin iska da rana yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a wannan lokaci, duk da kogin Neja da ya ratsa birnin. A Tawa da sauran ƙasar Adar, inda babu kogi kuma iska ke kaɗawa ba shinge, abin ya fi tsanani. Iskar da ke busar da wanki kafin a gama shanya na ƙarshe ita ce dai ke aiki a kan fatar mutum. Ga kuma ƙurar hazo, wadda ke kwanciya a jiki ta sa ƙaiƙayi, a yi susa, a ƙara yage katangar.

Abin da azumi ke ƙarawa a kan wannan ya fi zuwa ta hanyar sauyin ɗabi'a. A watan Ramadan ana yawaita alwala: ga salloli biyar, ga asham, ga zaman tafsiri, ga tahajjud a goman ƙarshe. Mutum zai ɗauka cewa yawan jiƙa fata yana ƙara mata danshi, amma akasin haka ne ke faruwa. Duk lokacin da aka jiƙa fata aka bar iska ta busar da ita, ruwan yana tafiya tare da wasu sinadaran da fata ke riƙe danshi da su. Sau ɗaya ba komai ba ne. Sau takwas ko goma a yini cikin busasshiyar iska, bayan hannu da gwiwar hannu da dunduniya za su nuna.

Sai wanka. Da sanyin asuba mutane kan dafa ruwa ya yi zafi ƙwarai, a ɗauki soso mai kaushi a dirje jiki. Ruwan zafi yana narkar da maiƙon fata kamar yadda yake narkar da maiƙon kwano. Sabulu kuma na ƙarasa aikin. Fata tana da ɗan tsami-tsami na halitta, kusan 5 a ma'aunin da masana ke auna tsami da kanwa-kanwa, alhali sabulun gargajiya na sanda yana kaiwa 9 zuwa 10. Sabulun salo ma, da ake yabo saboda an yi shi da toka da mai, yana cikin wannan rukuni. Yana wanke datti tas, amma yana busarwa. Sabulun wanki da omo sun fi kowanne, kuma a gidaje da yawa sabulu ɗaya ne na wanki da wanka.

Masu kwana a ɗaki mai na'urar sanyi, wadda 'yan birni ke kira kilim, suna da ƙarin matsala, domin na'urar tana tsotse ɗan danshin da ya rage a iskar ɗaki. Ɗaya na'urar da ake zuba wa ruwa tana hura iska mai laima, wadda ta yawaita a gidajen Yamai, ta fi sauƙi ga fata.

Ruwan da ake sha tsakanin magariba da asuba

A nan ne ra'ayoyi suka rabu. Masu cewa a sha ruwa da yawa suna da gaskiya ta wani ɓangare: mutumin da dama can ba ya shan isasshen ruwa, idan ya ƙara, fatarsa kan ɗan gyaru. Amma ga wanda jikinsa ya riga ya samu abin da yake buƙata, ƙari ba ya zuwa dunduniya ya ɗinke faso. Ƙoda ce ke karɓarsa ta mayar da shi fitsari.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta a 2010 cewa mace baliga na buƙatar kusan lita 2 na ruwa a yini, namiji lita 2 da rabi, har da ruwan da ke cikin abinci. Wannan lissafi na ƙasashe masu matsakaicin yanayi ne da mutanen da ba sa aikin ƙarfi. Ɗan ga-ruwa da ke tura kura cike da jarka, ko mai kwaɓa siminti a wurin gini, buƙatarsa ta zarce haka nesa. Ga mai zama a inuwa kuwa, leda huɗu zuwa biyar na piya wata, mai rabin lita, tsakanin buɗa baki da sahur ma'auni ne mai kyau da za a fara da shi.

Yadda ake sha ya fi adadin muhimmanci. Ƙoda ba ta iya fitar da abin da ya wuce kusan lita ɗaya a sa'a guda, jiki kuma ba randa ba ne da za a cika a ajiye don gobe. Wanda ya ɗaga moɗa ya shanye lita biyu ana kiran assalatu zai yi mamakin yadda ya yi ta zagayawa bayan gida kafin hantsi, sannan ƙishirwa ta same shi da azahar kamar kowa. Abin da ya fi tasiri shi ne rarrabawa: kofi ɗaya ko biyu da dabino, wani bayan magariba, wani bayan asham, wani kafin barci, sauran da sahur. Ruwan da ya shiga tare da abinci ya fi daɗewa a jiki fiye da wanda aka kwankwaɗa shi kaɗai. Shi ya sa fura da nono, kunu, da koko suke da amfani da sahur, haka kankana da fiye da kashi 90 cikin ɗari nata ruwa ne, da kokwamba da ta fi ta. Jinkirta sahur, wanda sunna ce, yana rage tsawon sa'o'in da jiki zai yi babu ruwa.

Zoɓo, lemu-hari da ruwan tsamiya duk ruwa ne, ana lissafa su. Matsalarsu sukarin da ake zubawa, wanda ke ƙara ƙishirwa idan ya yi yawa. Haka gishiri da dunƙulen ɗanɗano, da kilishi, da soye-soyen buɗa baki. Shayin fada kuwa, wanda samari ke dafawa kashi uku har tsakar dare, an fi zarginsa fiye da laifinsa. Sinadarin kafeyin da ke cikinsa yana ɗan ƙara fitsari, amma jikin wanda ya saba sha yakan daidaita. Illarsa ta gaske ita ce ƙaramin kofin ba ya cika gurbin ruwa, yana kuma hana barci a watan da dama barcin ya yi ƙaranci.

Hanya mafi sauƙi ta sanin ko ruwan ya isa ita ce launin fitsari da daddare da kuma safiya. Idan fari-fari ne mai ɗan rawaya, ya isa. Idan har bayan asham yana nan ja kamar shayi, da sauran aiki.

Man kaɗe, basilin da gilisarin

Tunda matsalar saman fata yoyo ce, maganinta toshe yoyon. Mayukan shafawa kashi uku ne ta fuskar aikinsu, ko da yake kwalba ɗaya kan haɗa biyu ko duka ukun.

Akwai masu rufewa, waɗanda ke shimfiɗa wani siririn mayafi a kan fata ya hana ruwa fita. Vaseline, wanda aka fi sani da basilin, shi ne sarkinsu. Tun 1872 da Robert Chesebrough ya yi masa rajista a Amurka ba a samu abin da ya fi shi wannan aiki ba. Yana iya tare fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke ratsa fata. Akwai masu laushi, waɗanda ke shiga tsakanin tubalan su cike gurbin maiƙon da sabulu ya wanke. Man kaɗe yana nan, yana kuma ɗan rufewa. Itacen kaɗanya na fitowa a kudancin ƙasar, wajen Gaya, kuma ana shigo da man da yawa daga Burkina Faso da Benin zuwa kasuwannin Yamai. Sai masu jawo ruwa, irin su gilisarin da yuriya, waɗanda ke kama danshi su riƙe shi a saman fata.

Saɓanin da ke tsakanin masu man gargajiya da masu man kanti bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Man kaɗe mai kyau, wanda ba a gauraya ba kuma bai yi ɗoyi ba, ya wadatar ga yawancin jiki. Man farmasi mai yuriya ya fi shi a kan kaushi mai kauri, domin yuriya tana tausasa mataccen ɓawo: kashi 10 cikin ɗari don jiki, kashi 20 ko fiye don dunduniya. Gilisarin kuma, da mata da yawa ke saye a ƙaramar kwalba, bai kamata a shafa shi tsagwaronsa ba. A gauraya shi da ruwa ko da wani man, a kuma rufe da mai a kai, domin a iskar da ba ta da laima babu inda zai jawo ruwa sai daga fatar.

Sirrin duka yana ga lokacin shafawa. Basilin da man kaɗe ba su ɗauke da ruwa. Wanda suka tarar suke tsarewa. Idan aka shafa su a busasshen jiki, ƙyalli kawai za a samu. A fito daga wanka, a ɗan tsane jiki da tawul ba tare da gogewa ba, a shafa cikin 'yan mintuna tun da sauran laima. Ga masu faso, a jiƙa ƙafa da daddare, a goge da dutse a hankali, a cika tsagar da basilin, a sa safa a kwanta. Yanke kaushi da reza, wanda har yanzu ake yi, hanya ce ta jawo ciwo.

Leɓe na da nasa hali. Ba shi da tushen maiƙo kamar sauran fata, mai azumi kuma yawunsa ya ragu, sai ya riƙa lasa. Yawun na bushewa nan take ya bar leɓen ya fi dā tsagewa.

Wani abu kuma: abin da ya dace da Janairu ba lallai ya dace da ƙarshen Maris ba. Idan zafi ya fara shigowa, lafta mai mai kauri a ƙirji da baya yana toshe ƙofofin gumi ya haifar da ƙuraje. A lokacin sai a bar basilin ga ƙafa da hannu da leɓe, a koma mai marar nauyi ga sauran jiki. Masu ƙurajen fuska ma gara su nisanta mai kauri daga fuskar.

Abin da malamai suka ce

Asalin abin da ke karya azumi shi ne isar wani abu cikin ciki ko maƙogwaro ta wata kafa, tare da sauran abubuwan da aka sani. Man da aka shafa a hannu, ƙafa ko jiki ba ya cikin wannan a wurin jumhurun malamai. Imam Buhari, a babin wankan mai azumi, ya kawo maganar Abdullahi ɗan Mas'ud cewa idan ɗayanku yana azumi ya wayi gari yana mai shafe da mai, mai tajajjen kai. A wannan babi ya ambaci cewa Abdullahi ɗan Umar ya jiƙa tufa ya yafa a jikinsa yana azumi. A Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma an ruwaito cewa an ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zuba ruwa a kansa yana azumi saboda ƙishirwa ko zafi.

To daga ina tsoron ya samo asali? Yana da tushe a littattafan Malikiyya, mazhabar da mafi yawan mutanen Nijar ke bi. Malaman mazhabar sun tsaurara a kan abin da ke isa maƙogwaro ta ido, hanci ko kunne, shi ya sa suka ce wanda ya sa kwalli da rana ya ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro zai rama ranar. Wasu daga cikinsu sun faɗi haka a kan man da aka zuba a kai idan an ji ɗanɗanonsa. Hanafiyya da Shafi'iyya ba su ganin kwalli yana karya azumi, Ibn Taimiyya ma haka ya tafi a kan kwalli da mai. Ko a wurin masu tsaurarawar, sharaɗin shi ne jin ɗanɗano a maƙogwaro, abin da ba ya faruwa da man kaɗen da aka shafa a ƙwauri. Man leɓe ne ke buƙatar kula, tunda yana bakin ƙofa: a shafa kaɗan, marar ɗanɗano, kada a lasa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari sai dare, ya shafa da yawa kafin barci da kuma bayan sahur.

Tambaya ta biyu ita ce alwala. Ƙa'idar ita ce ruwa ya taɓa fata, a Malikiyya kuma cuɗawa farilla ce. Idan man ya daskare ya yi kauri har ya zama shamaki, kamar kakin zuma, sai an kawar da shi. Idan kuwa maiƙo ne kawai ya rage bayan fata ta sha, ba ya hana alwala. Abin da ya fi sauƙi shi ne a juya tsarin: alwala tukuna, mai daga baya, wanda dama shi ne lokacin da man ya fi amfani.

Waɗanda abin ya fi shafa

Nauyin bai faɗo wa kowa daidai ba. Matan da ke aikin buɗa baki tun azahar suna tsakanin zafin murhu, wanke-wanke da omo, da ruwan jabel; hannayensu ne ke fara tsagewa, wani lokaci har da jini a gaɓoɓin yatsu. Ɗan kabu-kabu a Tawa yana yini iska na dukan fuskarsa, kuma rawani ko takunkumin da yake rufe hanci da shi saboda ƙura yana kare leɓe ma. Tsofaffi fatarsu ta riga ta rage yin maiƙo, jin ƙishirwarsu ma ya ragu, don haka sai an riƙa miƙa musu ruwa da daddare ba sai sun nema ba.

Masu shafa man bilicin suna cikin haɗari na daban. Yawancin waɗannan mayuka na ɗauke da haidurokwinon ko magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda ke sirantar da fata su raunana katangarta, sai hunturu ya same ta ba kariya. Kuma kasuwarsu na tashi ne daidai ƙarshen azumi, lokacin gyaran jikin salla.

Akwai kuma inda maganar ta wuce ta kwalliya. Ga mai ciwon suga, tsagar dunduniya ƙofa ce ta ƙwayoyin cuta, kuma sau da yawa ba ya jin zafinta saboda jijiyoyin ƙafar sun yi rauni. Ya kamata ya duba ƙafarsa kullum, kada kuma ya sa mai a tsakanin yatsu. Mai sikila ƙarancin ruwa na iya tayar masa da ciwo. Mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari yana buƙatar likita ya gyara masa lokacin sha. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya da aka ƙayyade wa ruwa kuwa, shawarar "sha da yawa" na iya cutar da shi. Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun ba marar lafiya damar ajiye azumi ya rama daga baya.

Jiri mai tsanani, bugun zuciya da sauri, rikicewar tunani, ko yini guda ba fitsari, alamu ne na ƙarancin ruwa mai haɗari, kuma mai ba ya maganinsu. Haka fatar da ta yi ja, ta kumbura, take fitar da ruwa ko mugunya, ko ƙaiƙayin da ya hana barci bayan an yi mako biyu ana shafa mai yadda ya kamata. Wannan na iya zama ƙirci ko wata cutar da ke buƙatar a je asibitin unguwa, daga nan a tura mutum wurin likitan fata idan ta kama.